Filasmid biyu a ƙwaya ɗaya: yadda pUC19 ya ɓace a wani ɗakin gwaji a Kaduna

Aikin na wata ɗalibar digiri na biyu ne a wani ɗakin gwaji da ke cikin garin Kaduna. Furotin guda take nema na ƙwayar cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu, don a yi amfani da shi wajen gwajin jini. Hanyar da aka saba ta bi: a ciro gaɓar gadon da ke ɗauke da umarnin yin furotin ɗin, a ɗinka ta a jikin filasmid, a cusa filasmid cikin bakteriyar E. coli, a bar bakteriya ta yi ƙira. Filasmid ɗan ƙaramin zoben DNA ne da ke zaune cikin ƙwayar bakteriya, dabam da kuromosom ɗinta, kuma yana kwafar kansa. Joshua Lederberg ne ya raɗa masa wannan suna a 1952.

Gaɓar ta shiga pET-28a, filasmid mai haruffan DNA 5369 wanda ke kare bakteriya daga kanamisin, maganin da ke kashe ta. Furotin ya fito, amma a dunƙule, ba ya narkewa, kuma dunƙulallen furotin ba ya shiga irin wannan gwaji sai an sha wahalar warware shi. Sai aka yanke shawarar ƙara furotin na biyu, mai taimaka wa na farko ya naɗe daidai. Gaɓar wannan mataimaki dama tana ajiye a firiza, a jikin pUC19, mai haruffa 2686 da kariya daga amfisilin. Lissafin ya zo da sauƙi. Ɗaya na kanamisin, ɗaya na amfisilin, a zuba magungunan biyu a romo, duk ƙwayar da ta yar da ɗaya ta mutu. Aka cusa su biyun cikin BL21(DE3), wani nau'in E. coli, aka shimfiɗa a farantin abincin bakteriya na LB mai kanamisin maikirogiram 50 da amfisilin 100 a kowace mililita. Da safe koloni, wato ɗigo-ɗigon tarin bakteriya, suka fito, kowa ya saki jiki.

Abin da aka gani

Daga farantin ake ɗaukar koloni guda a sa a romo mililita 5, ya kwana a na'urar jijjiga a digiri 37. Washegari a juye shi gaba ɗaya cikin kwalba mai mililita 500, a jira duhun romon ya kai 0.6 a ma'aunin haske, a sa IPTG, sinadarin da ke kunna ƙirar furotin ɗin, sannan a sauke zafi don furotin ya fito a hankali. Inkibetar ba ta da abin sanyayawa, amma da yake hunturu ne, kashe hita kawai ake yi a bar sanyin daren Kaduna ya yi aikin. Wasu darare ma ɗauke wuta ke yin hakan tun a matakin ƙaramin romo, kafin a tayar da janareta. Don rage wahala kuma, ba kullum ake komawa faranti ba. Romon jiya ake ɗiba a shuka na yau.

Furotin bai canza ba. A dunƙule yake, tamkar ba a ƙara mataimaki ba. Da aka ciro filasmid daga romon aka yanka da inzayim mai yanka kowane zobe sau ɗaya, aka gudanar a jel na agaros kashi 1 cikin 100, mai raba DNA bisa tsayinsa, layi biyu ya kamata a gani. Na pET yana nan daram. Na pUC wata rana a dushe, wata rana babu shi sam. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne pUC19 ne aka sani da cika jel. Shi ne filasmid ɗin da ko ɗan koyo ya ciro shi sai layinsa ya yi kauri.

Babban ma'aikacin ɗakin, dattijo da ya daɗe a kan benci, ya dubi hoton jel ɗin ya ce, "Malama, tushen kwafinsu fa, kin duba?" Ta ce, "Na duba, Baba. Taswirar pET tana da f1, ta pUC ba ta da shi. Ai sun bambanta." A nan ƙafa ta fara zamewa. Tushen kwafi shi ne wurin da kwafar zoben ke farawa. Tushen f1 da ke jikin pET-28a na wata bairos ce mai kama bakteriya, kuma ba ya motsi sai an kawo bairos mataimakiya don a fitar da DNA mai zare ɗaya. A rayuwar yau da kullum ba shi ke kwafar filasmid ba. Mai aikin shi ne ɗayan, wanda taswira ke rubutawa ori kawai, kuma wannan iri ɗaya ne a jikin filasmid ɗin biyu.

Kafin a kama wannan zance, sai da aka kawar da zargin da ya fi sauƙi. An ciro pUC ɗin daga DH5α, wani nau'in E. coli, inda yake zaune shi kaɗai, da ruwan ciro iri ɗaya, a rana ɗaya. Layi ya fito da kauri. Ke nan ba ruwan ciro ba ne, ba kuma hannun mai ciro ba.

Gwaji na biyu shi ne wanda ya fi kowanne arha, kuma ya fi kowanne faɗin gaskiya. A tsarma romon sosai, a shimfiɗa a farantin da ba magani, don kowace ƙwaya mai rai ta samu damar fitowa. Washegari a ɗauki koloni 50 da tsinken sakace da aka dafa a tukunyar turiri, kowane koloni a ɗiga shi a farantai uku masu lamba iri ɗaya a bayansu: na amfisilin, na kanamisin, sai mara magani a ƙarshe don a tabbatar akwai ƙwaya a bakin tsinken. Kusan duka suka tsiro a kanamisin. A amfisilin kuwa tsiraru ne. Mafi yawan bakteriyar da ke cikin kwalbar, wadda aka zuba wa amfisilin da hannu, ba ta da kariya daga amfisilin, kuma ga ta da rai.

Wannan ya jawo gwaji na uku. Aka shafe faranti da bakteriyar da ke ɗauke da pET kaɗai, aka huda ramuka biyu a jikin aga, wato daskararren abincin da ke cikin farantin. A ɗaya aka zuba maikirolita 100 na sabon romo mai magani, wanda ya kama amfisilin maikirogiram 10, daidai da abin da ke cikin ɗan faifan gwajin asibiti. A ɗayan aka zuba ruwan romon da ya kwana, bayan an juya shi an tace ta matata mai ramukan maikiromita 0.22. Ramin farko ya yi da'ira fes kewaye da shi. Na biyu ko alama. Amfisilin ya daɗe da ƙarewa a kwalbar.

Yadda zoben ke kwafar kansa

Inzayim ɗin da ke kwafar DNA, wato folimares, ba ya iya fara zare daga babu. Sai an miƙa masa bakin zare ya ɗora a kai. Bambancin iyalan filasmid kusan duk a nan ya taru: wa ke samar da bakin zaren, wa kuma ke hana a samar da shi fiye da kima.

pUC19 da pET-28a dukkansu zuriyar pBR322 ne, wanda Bolivar da Rodriguez suka haɗa a 1977 a ɗakin gwajin Herbert Boyer a Amurka. Tushen kwafinsa daga pMB1 aka ɗauko shi, ɗan'uwan ColE1 na kusa. A wannan iyali filasmid ba ya ƙera ko furotin ɗaya na kwafi. Kayan aiki duk na bakteriya ne, shi dai nasa RNA guda biyu.

Na farko sunansa RNA II. Folimares ɗin RNA na bakteriya yana fara rubuta shi daga haruffa 555 kafin tushe. RNA na yau da kullum yana saɓulewa daga jikin DNA da zarar an rubuta shi. Wannan ba haka yake ba. In ya naɗe yadda ya kamata, wani yanki nasa mai yawan harafin G yana kama wani yanki mai yawan C a jikin DNA kusa da tushe, sai ya liƙe, ya ture ɗayan zaren DNA gefe. Inzayim RNase H, wanda aikinsa ke nan yanke RNA da ya liƙe wa DNA, sai ya zo ya datse shi daidai kan tushe. Wurin datsewar shi ne bakin zaren. Folimares I ya kama, ya ɗora haruffa 'yan ɗaruruwa. Wannan tafiya tana buɗe wani wuri a zaren da aka ture, inda PriA ke sauka ya kira DnaB mai warware tufka da DnaG mai dasa ƙananan bakunan zare. Daga nan folimares III, babban injin da ke kwafar kuromosom, ya karɓi aikin: zare ɗaya a miƙe ba yankewa, ɗayan gutsure-gutsure ana haɗawa. Tafiyar gefe guda take yi har ta zagayo. In aka kalli zoben a tsakiyar aiki siffarsa ta harafin Girka θ ce, daga nan aka samo sunan wannan salo, tita. A ƙarshe zobba biyun suna sarƙe da juna, sai tofo'aisomares IV ya raba su. Shi ya sa bakteriyar da folimares I ɗinta ya lalace ba ta iya riƙe ɗan wannan iyali, ko da kuromosom ɗinta yana kwafuwa.

Da a ce iyakar labarin ke nan, da filasmid ya yi ta haihuwa har ya kashe mai masauki. Birkin shi ne RNA I, ɗan gajere mai haruffa 108, wanda ake rubutawa daga ɗayan zaren, daga haruffa 445 kafin tushe, yana komawa baya. Saboda haka haruffansa abokan haruffan farkon RNA II ne ɗaya bayan ɗaya. Yana naɗewa ya yi madaukai uku. Madaukansa su fara taɓa na RNA II, taɓawa mai rauni wadda kan iya sakewa, sannan in ta zauna su biyun su zuge daga wutsiya har ƙarshe. RNA II da aka kama haka yana naɗewa a karkace, ba ya liƙe wa DNA, RNase H bai sami abin datsa ba, babu bakin zare. Kamun kuma yana da lokaci. Sai RNA II yana tsakiyar rubutuwa. In ya riga ya wuce ya naɗe, RNA I ya makara. Jun-ichi Tomizawa da abokan aikinsa ne suka warware wannan tsari tun daga 1980.

Abin da ya sa birkin ya zama ma'auni shi ne RNA I ba ya daɗewa. Ana rubuta shi da yawa, RNase E na sare shi cikin 'yan mintoci. Don haka yawansa a kowane lokaci hoton yawan filasmid ne a wannan lokacin, ba na awa biyu da suka wuce ba. Kwafi sun yi yawa, RNA I ya cika ƙwaya, kwafi ya tsaya. Ƙwaya ta girma ta rabu, RNA I ya tsarmu, kwafi ya tashi. Akwai kuma ɗan furotin mai suna Rop, mai amino asid 63, da ke aiki bibbiyu. Shi ba ya kwafi, riƙe taɓawar farko yake yi kada ta sake. Da RNA I da Rop, pBR322 da 'ya'yansa irin su pET suna tsayawa a kwafi 15 zuwa 20 a ƙwaya.

pUC19, wanda ɗakin gwajin Joachim Messing ya fitar, abu biyu ya raba shi da kakansa. Ba shi da gaɓar rop. Sannan harafi guda ya canza a RNA II ɗinsa, G ya koma A, abin da ya sauya naɗinsa har RNA I ba ya samun kamu mai kyau. Sakamakon shi ne kwafi 500 zuwa 700. Amma wannan yawa yana da sharaɗi biyu da mutane ke mantawa: sai a digiri 37 ko sama, kuma sai babu Rop. A digiri 30 naɗin yana komawa kusa da na asali, yawan ya faɗi. In an kawo Rop daga wani wuri, haka nan.

Dalilin da ya sa pUC ne ya faɗi

RNA I yawo yake cikin ƙwaya, ba ya tambayar wane zobe ya haife shi. Na pET yana kama RNA II na pUC, na pUC yana kama na pET. Ƙwayar ba ta san filasmid iri biyu ne a cikinta ba, jimla take ƙirgawa. Ɗan kamasho a tashar Kawo kujeru yake ƙirgawa, ba ruwansa da ko ku 'yan gida ɗaya ne. Mota ta cika, ta cika. Wannan shi ake kira rashin jituwa, kuma ba faɗa ba ne tsakanin zobban. Wanda za a kwafa sa'a ce ke zaɓarsa, wanda zai faɗa wa kowace 'ya lokacin rabuwa ma sa'a ce. Ƙwayar da ta fara da goma da goma, 'yarta na iya tashi da sha uku da bakwai, jikarta sha bakwai da uku. Babu abin da ke mayar da rabon daidai, tunda jimlar ba ta canza ba.

Lissafin a nan yana da amfani. Filasmid irin waɗannan ba su da injin rabo, watsuwa kawai suke yi. In ƙwaya tana da kwafi n na wani filasmid lokacin da za ta rabu, yiwuwar ɗaya daga cikin 'ya'yan ta tashi hannu rabbana ita ce 2 sau rabi da aka ninka a kansa sau n. Da kwafi 20, sau ɗaya ne cikin 524,288. Da 10, ɗaya cikin 512. Da 4, ɗaya cikin 8. Da 2, rabi da rabi. Filasmid da ke shi kaɗai ba ya sauka can ƙasa, domin birkinsa na sakewa ya cike gurbi. Wanda ke raba ƙirga da wani kuwa, in ya sauka ba mai ɗago shi. Sannan a tuna yawan rabuwar da ake yi: daga ƙwaya guda zuwa koloni da ido ke gani ya haura zuriya 20, kowane tsarmi na 1 cikin 1000 kuma zuriya 10 ce. Shuka romon yau daga na jiya ƙara wa sa'a zagaye ne kawai.

Mai karatu zai ce, to ai pUC ne ya kamata ya cinye, tunda birki ba ya kama shi sosai. Da haka za a yi in da sharuɗɗansa biyu sun cika. Amma pET-28a yana ɗauke da rop, kuma Rop furotin ne mai yawo, yana riƙe wa RNA I kamu a kan kowane RNA II da ya samu. Zaman pET a ƙwayar kaɗai ya ƙwace wa pUC fifikonsa. Sanyin hunturu ya ƙarasa sauran. Sai suka koma kusan kunnen doki, abin da ya rage shi ne wane magani ke tsaye da gaske.

A nan magungunan biyu ba ɗaya ba ne. Kariyar kanamisin inzayim ne da ke cikin ƙwaya, yana liƙa wa maganin fosfet da ATP na ƙwayar, don haka mai shi yake karewa. Kariyar amfisilin kuwa beta-laktames ne, ana tura shi tsakanin fatun ƙwaya biyu, yana yoyo cikin romo, yana farfasa maganin kowa da kowa. Cikin 'yan awanni a romo mai kauri maganin ya ƙare, wadda ta yar da pUC ta ci gaba da rayuwa a inuwar maƙwabta. Tana ma fin su saurin girma, tunda ta sauke kaya. Juye mililita 5 na romon da ya kwana cikin sabuwar kwalba kuma juye tarin beta-laktames ne, wanda ke cinye sabon maganin kafin bakteriya ta yi nisa. Alamar wannan ta daɗe a farantai ba a kula ba: 'yan ƙananan koloni da ke kewaye manya in faranti ya wuce awa 16. Ba su da filasmid, filin da babba ya share suke ci.

Ajiyar maganin ma ba ta taimaka ba. Kwalba guda ce ta amfisilin a firiza, tana narkewa tana daskarewa yadda wuta ta ga dama. Ƙa'ida ita ce a narka miligiram 100 a kowace mililita ta ruwa, a tace, a rarraba a ƙananan bututai da za a buɗe sau ɗaya, a ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili. Ba a zuba shi a aga sai ya huce zuwa wajen digiri 50, lokacin da hannu zai iya riƙe kwalbar. Masu sayen na kemis saboda na gwaji ya yi tsada su duba kwali da kyau, domin wani da ake sayarwa a kasuwa haɗi ne da kulokzasilin, rabin nauyin da ke rubuce ne kawai amfisilin.

Akwai abu na ƙarshe da aka sa wa ido. BL21 tana da RecA mai aiki, inzayim mai haɗa DNA da suka yi kama, saɓanin DH5α da aka kashe wa shi. Zobba biyu masu tushe iri ɗaya na iya haɗewa su zama babban zobe guda, kuma zuba magani biyu irin wannan yake fifitawa. Zobe kan haɗe da ɗan'uwansa ma ya zama tagwaye, ana ƙirga shi biyu amma yana rabuwa a matsayin ɗaya, sai lissafin can sama ya ƙara lalacewa. ColE1 na asali yana da wani wuri mai suna cer inda XerC da XerD ke raba tagwaye. pBR322 da pUC ba su gaje shi ba. Duk layin da ya bayyana can saman jel a samfurin da ba a yanka ba, a bincike shi kafin a ce datti ne.

Ba duk filasmid ke bin wannan salo ba, kuma sanin hakan shi ke ba da mafita. pSC101, wanda Stanley Cohen da Boyer suka yi aikinsu na 1973 da shi, yana ƙera furotin nasa, RepA, mai sauka a kan wasu gajerun jeri da ke maimaituwa a tushe, ya buɗe tufka tare da DnaA na bakteriya. Kwafinsa wajen 5 ne. R6K ba ya motsi sai da furotin ɗin da gaɓar pir ke yi. Ƙananan filasmid na Staphylococcus irin su pT181 mirginawa suke yi: furotin Rep ya tsaga zare ɗaya, tsagar ta zama bakin zare, tsohon zaren yana saɓulewa sabo yana maye gurbinsa. Manya irin su F, masu kwafi 1 zuwa 2, ba sa dogara da sa'a. Suna da injin rabo, suna kuma da guba da makarinta: makarin na saurin lalacewa, gubar na daɗewa, duk 'yar da ta tashi ba filasmid gubar da ta gada ta kashe ta. Yawancin manyan filasmid masu yaɗa bijire wa magani a asibitoci suna da irin wannan, shi ya sa daina ba da magani ba ya korar su da wuri.

Gyaran da aka yi

An fara da shawarar a sauya amfisilin da kabenisilin, wanda ya fi jure zafi da tsamin romo. Yana rage matsala, amma beta-laktames na cin sa shi ma, kuma bai taɓa tushen ciwon ba. A ra'ayinmu kashe kuɗi ne a kan alama. Haka wanke ƙwayoyi kafin shuka, wato a juya ƙaramin romon, a zubar da ruwan, a sake narka su a sabo: ɗabi'a ce mai kyau ga duk mai aiki da amfisilin, amma ba ta raba ƙirga.

Gyaran gaske shi ne ɗauke gaɓar mataimakin, da mabuɗin da ke kunna ta, zuwa pACYC184, mai tushen p15A da kariya daga kuloramfenikol. p15A ɗan dangi ne, da RNA I da RNA II yake aiki shi ma, amma haruffan madaukansa sun bambanta, na pET ba ya kama nasa. Kowa da ƙirgarsa. Wurin ɗinki yana buƙatar kula: inzayim mai yankan DNA EcoRI a jikin pACYC184 cikin gaɓar kuloramfenikol yake yanka, wanda ya ɗinka a nan ya kashe kariyar da yake nema. Wuraren yankan BamHI da SalI suna cikin gaɓar kariya daga tetarasaikilin, nan aka bi, aka kuma samu hanyar tantancewa kyauta, domin koloni da ɗinki ya kama yana tsira a kuloramfenikol ya mutu a tetarasaikilin.

Cusawar ɗaya bayan ɗaya aka yi. An fara sa pACYC a BL21(DE3), aka wanke waɗannan ƙwayoyi da kalsiyam kuloraid 0.1 M mai sanyi don su iya karɓar DNA, aka sa pET, aka tsoma a digiri 42 daƙiƙa 45, aka mayar kan ƙanƙara. Sai awa guda a romo mara magani kafin faranti. Wannan awa ba ta ado ba ce. Kanamisin da kuloramfenikol dukkansu ƙirar furotin suke tarewa, in suka riga inzayim ɗin kariya isowa ƙwayar ba za ta taɓa ƙera shi ba. Kuloramfenikol a itanol ake narka shi, maikirogiram 25 zuwa 34 a mililita ake sa wa romo.

An maimaita gwajin tsinken sakace bayan tsarmi uku a jere na 1 cikin 1000, zuriya 30 ke nan, koloni suka tsiro a farantan magungunan biyu. A jel layin pACYC ya fito siriri, ɗalibar ta so ta tsorata. Haka yake, kwafinsa 10 zuwa 12 ne, sirantarsa ba ɓacewa ba ce matuƙar ba ta canzawa daga rana zuwa rana. Mai son DNA ɗinsa da yawa ya ciro daga mililita 10 maimakon 2. Tsohuwar dabarar ƙara yawan pBR322, wato a zuba kuloramfenikol maikirogiram 170 a mililita a tsakiyar girma a bar shi ya kwana, tana aiki ne saboda kuromosom na buƙatar sabon furotin kafin ya fara kwafi, filasmid ɗin kuwa ba ya buƙata. Ba ta aiki a kan pACYC184, tunda shi ke karya maganin.

Narkewar furotin ta ƙaru, ko da yake wani kaso yana dunƙulewa har yanzu, kuma wannan ba laifin filasmid ba ne. An daina shuka romo daga romo. Da yake firizar digiri 80 ƙasa da sifili ba abin dogaro ba ce inda wuta ke zuwa da tafiya, an koma ajiye DNA ɗin kansa, wani a ruwan TE a firiza, wani a ɗige a takardar tacewa a busar, a riƙa sabon cusawa duk lokacin da za a yi babbar kwalba.

Mataki na gaba da malamin ɗalibar ya kawo shi ne a koma bakteriyar Rosetta, saboda gaɓar sammoren tana da kalmomin gado, wato haruffa uku-uku masu zaɓar amino asid, da E. coli ba ta cika amfani da su ba. Rosetta tana zuwa da nata filasmid, pRARE, mai tushen p15A da kariyar kuloramfenikol, haka ma duk bakteriyar da sunanta ya ƙare da pLysS. Sa pACYC a cikinta maimaita lamarin ne, har ya fi muni, domin wannan karon maganin ma ɗaya ne, faranti ba zai nuna wanda ya ɓace ba. In za a bi wannan hanya, mataimakin zai sake ƙaura zuwa tushe na uku, CloDF13 na jerin pCDF, wanda ke kare ƙwaya daga sitireftomaisin da sifektinomaisin. Wajen ɗinkin a yi zaɓe da sifektinomaisin, domin DH10B da TOP10 da ake yawan ɗinki a cikinsu sun riga sun bijire wa sitireftomaisin tun daga kuromosom, faranti zai cika da koloni ko filasmid bai shiga ba.